Teburin Walda: A Ƙera ko a Saya?

Wanda ya biyo hanyar da ta taso daga Madalla ya shiga Suleja, ko ya ratsa ta Kwamba da Maje, ba zai yi nisa ba sai ya ga shuɗin hasken walda a bakin titi. Ga ƙyamaren gida jingine da bango, ga tagogi a jere, ga ƙafafun tankin ruwa kwance suna jiran fenti. Abin da mai wucewa bai cika lura da shi ba shi ne inda ake haɗa waɗannan kaya. Galibi a ƙasa ne, kan daɓen siminti ko kan turɓaya, oga na tsugune, yaron shago na danne ƙarfe da ƙafa.

Wayar hannu ta sa wannan tsohon tsari ya fara shan tambaya. Matasan masu walda na kallon bidiyon takwarorinsu na Jamus da Amurka da Sin suna aiki a kan wani teburi mai sheƙi, cike da ramuka a jere, suna ɗaure ƙarfe cikin daƙiƙoƙi. Daga nan gardama ta kaure a shaguna. Wasu na ganin abin kunya ne mai walda ya fitar da kuɗi ya sayi abin da hannunsa ke iya yi. Wasu kuma na cewa teburin da aka haɗa a bakin titi ba zai taɓa kai na kamfani daidaito ba. Kowane ɓangare na da hujja, sai dai sau da yawa ba a kan abu ɗaya suke magana ba, domin abubuwa uku ne ake kira da suna ɗaya.

Me ake nufi da teburin walda?

Kalmar walda aro ce daga Turanci, tana nufin haɗa ƙarfe da ƙarfe ta hanyar narkar da bakinsu. Wadda aka fi yi a Suleja ita ce ta wutar lantarki, inda ake amfani da elektirod, wato siririyar sandar nan mai rufi da ke narkewa tana cike mahaɗa. Masu sana'ar sun fi sanin ta da lambar geji, wato ma'aunin kauri: geji 12 ya yi kusan milimita 2.5, geji 10 kuma kusan milimita 3.2.

Nau'in teburi na farko shi ne bencin aiki: ƙafafu huɗu da siririn faifan ƙarfe a sama, a ɗaura masa bayis, wato maƙatar da ke riƙe ƙarfe in za a yanka ko a goge. Amfaninsa ɗaga aiki daga ƙasa kawai.

Na biyu shi ne teburi mai kaurin sama. Faifansa, wanda 'yan kasuwa ke kira filet, yakan kai milimita 8 zuwa 12 ko fiye. Ana iya dukan ƙarfe a kansa, a ɗiga masa waldar wucin gadi don tsayar da aiki, daga baya a goge.

Na uku shi ne teburi mai ramuka, wanda ake gani a bidiyo. Inji ne ke fafe samansa har ya kwanta sumul, sannan a huda shi a kan awo ɗaya. Tsari biyu suka fi yaɗuwa: rami mai faɗin milimita 16 da tazarar milimita 50, da rami mai milimita 28 da tazarar milimita 100. A cikin ramukan ake cusa kilam, wato matsen da ke danne ƙarfe, tare da turaku da sukwaya, ma'aunin kusurwa. Kamfanin Demmeler na Jamus ne ya fito da wannan tsari a wajajen 1990, Siegmund ma ya yi suna a kansa, yanzu kuma masana'antun Sin na yin irinsa a farashi mai sauƙi.

Na farko kujerar aiki ce, na uku kuwa kayan awo ne, danginsa su ne tef da sukwaya. Mai cewa a ƙera yawanci na farko ko na biyu ke ransa, mai cewa a saya kuma na uku yake nufi.

Yadda Suleja ta zama garin ƙyaure da taga

Garin da ake kira Suleja a yau shi ne ainihin Abuja, wanda Abu Ja ya kafa a 1828 bayan da sarautar Haɓe ta Zazzau ta baro Zariya. Da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta zaɓi yankin a 1976 don gina sabon babban birni, sai aka ɗauki sunan aka ba birnin tarayya, tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Ma'aikatan farko na Hukumar Raya Birnin Tarayya a nan suka yada zango, abin da ya bar wa wata unguwa sunan Fil Bes har yau.

Bayan gwamnati ta tare a Abuja a watan Disambar 1991, tsadar haya ta riƙa turo ma'aikata da 'yan kasuwa zuwa garuruwan gefe, rusau na shekarun 2003 zuwa 2007 kuma ya ƙara yawansu. Kowane sabon gida a Madalla, Gauraka ko Kwamba yana buƙatar get, ƙofofi, ƙarfen kariya na taga, da mazaunin tankin ruwa. Irin wannan aiki shi ke riƙe da yawancin shagunan walda na garin, kuma kusancin kasuwar kayan gini ta Dei-Dei ya sa ƙarfe bai yi musu nisa ba.

Wannan tarihi na da alaƙa da tambayar teburi kai tsaye. Get ɗin da mota ke shiga yakan kai ƙafa 12 ko fiye, babu teburin da ƙaramin shago zai saya da zai ɗauke shi. Don haka masu walda suka saba da ƙasa, kuma shekara da shekaru kasuwa ba ta tilasta musu barin ta ba. Yanzu dai abokan ciniki sun fara bambanta. Ɗan kwangilar da ke gina rukunin gidaje yana son tagogi hamsin da za su shiga gurabensu ba tare da an fasa bulo ba.

Abin da teburi ke gyarawa

Ƙarfe na buɗewa in ya ji zafi, ya tsuke in ya huce. Mita ɗaya na ƙarfe kan ƙaru da kusan milimita 1.2 in zafinsa ya hau da digiri 100, wurin da ake walda kuwa yana narkewa ne a wajajen digiri 1,500. Idan mahaɗa ta huce sai ta jawo ɓangarorin biyu zuwa gare ta. Shi ya sa firam ɗin da aka auna daidai kafin walda yakan fito a karkace bayanta.

Ƙaramin kuskure a kusurwa girma yake yi da tsawo. Ƙofa mai tsayin mita 2 da kusurwarta ta kauce da digiri ɗaya tak, samanta zai goce da kusan milimita 35. Ko rabin digiri ya isa ya hana sakata shiga raminta. Akwai kuma murɗewa: idan daɓen da aka shimfiɗa firam a kansa yana da tudu a kusurwa ɗaya, firam ɗin zai ɗauki siffar daɓen, a kafa ƙofa a ga sama ya rufe ƙasa na leƙe.

Tsofaffin hannu na da dabarunsu. Suna auna tsinkaye biyu daga kusurwa zuwa kusurwa su tabbatar sun zo ɗaya, wasu na amfani da lissafin 3, 4, 5, wato santimita 60 da 80 su ba da 100. Dabarun na aiki, amma sai an maimaita su a kan kowane firam, kuma ba sa kama murɗewa. Teburi mai kyau yana ba da shimfiɗar da aka amince da ita, da wurin danne ƙarfe har ya huce, sannan yakan zama hanyar komawar wuta in an maƙala masa wayar at, wato wayar da ke mayar da lantarki zuwa inji.

Hujjar masu cewa a ƙera

Hujja ta farko kuɗi ne. Mai walda na da inji, yana da yara, yana da guntayen angul, wato ƙarfe mai kusurwa, da fayif da suka rage daga ayyukan baya. Ba zai biya ladan wani ba, ba zai biya fito ba.

Ta biyu ita ce dacewa. Shaguna da yawa rumfar kwano ce a bakin hanya, wasu sai an shigar da kaya ɗaki da dare. Wanda ya ƙera nasa shi zai yanke tsawo da faɗi, ya sa taya in yana so, ya daidaita tsayin da jikinsa, wanda galibi kan faɗa tsakanin santimita 85 da 95.

Ta uku ita ce sakin jiki. Teburin gida ana dukansa da guduma, a ɗiga masa walda, a goge da injin gurza ba tare da fargaba ba. Wanda ya sayi mai ramuka da tsada ba zai bari a yi masa haka ba, domin gurza ɗaya marar kyau na iya ɓata shimfiɗar da ya biya kuɗi dominta. Akwai kuma batun koyarwa: haɗa teburi darasi ne cikakke ga ɗan koyo, tun daga awo har jeranta walda yadda zafi ba zai taru wuri ɗaya ba.

Hujjar masu cewa a saya

Masu wannan ra'ayi na farawa da tambaya mai wuyar amsa: a kan me za a haɗa teburin? Wanda ba shi da shimfiɗa madaidaiciya zai haɗa shi a kan daɓen da ke ba shi matsala, ya gadar masa da karkatar. Gwano kuma ba ya jin warin jikinsa. Mai teburin zai ci gaba da amincewa da shi, kowane aiki na fita da aibi iri ɗaya.

Sannan filet da kansa ba sumul yake zuwa ba. Ƙa'idojin masana'antu sun yarda faifan da aka murza da zafi ya kauce da milimita da dama a kowace mita, kuma ɗauka da saukewa a mota na ƙara masa lanƙwasa. Teburin da inji ya fafe kuwa kuskurensa bai kai milimita ɗaya a mita ba. Wasu ma ana ƙona samansu da iskar naitirojin don ya yi tauri, ya rage kama tsatsa da mannewar tartsatsi.

Sai maganar ramuka. Teburi mai mita 1 da mita 2 a tsarin milimita 50 yana da ramuka 800, a tsarin milimita 100 kuma 200. Huda su da injin hannu a filet mai kauri, kowanne a miƙe kuma a gurbinsa, aiki ne na kwanaki da ke cin bakin huji da man janareta. Idan ramukan suka kauce, turakun da za a jera a cikinsu ba za su ba da layi madaidaici ba, amfanin tsarin ya tafi. Kwanakin nan kuma kwanaki ne da ba a yi aikin abokin ciniki ba.

Lissafin ƙarfe, Naira da wuta

Akwai gaskiyar da ɓangarorin biyu kan tsallake: ko mai ƙerawa saye yake yi, domin faifan sama shi ke cin mafi yawan kuɗin. Ƙarfe na da nauyin kusan kilo 7,850 a kowace mita kubik, wato mita ɗaya tsawo da faɗi da kauri, saboda haka cikakken filet mai ƙafa 4 da ƙafa 8 yana da nauyin kusan kilo 70 in kaurinsa milimita 3 ne, kilo 140 a milimita 6, kilo 234 a milimita 10, kilo 280 a milimita 12. Wannan lissafi na da amfani biyu. Yana nuna irin ƙafafun da teburin ke buƙata, yana kuma tona asirin filet ɗin da aka rage wa kauri: in an ce milimita 10 ne amma sikeli ya nuna ƙasa da haka sosai, to da sake.

Farashin wannan ƙarfe a ɗaure yake da dala. Kamfanin Ajakuta da aka fara ginawa a 1979 da taimakon Tarayyar Sobiyat har yau ba a kammala shi ba. Masana'antun murza ƙarfe na Katsina, Jos da Oshogbo da aka buɗe a farkon shekarun 1980 rodi da waya aka gina su su yi. Filet mai kauri galibi daga waje yake shigowa. Dala da ke kusan Naira 460 a farashin hukuma a watan Mayun 2023 ta haura Naira 1,500 a 2024, bayan an saki darajar Naira. Wannan ya taɓa mai ƙerawa, amma ya fi dukan mai saye, wanda zai biya kuɗin teburin, da jirgin ruwa, da kwastan, da harajin kaya na kashi 7.5 cikin ɗari, sannan motar da za ta ɗauko abu mai nauyin ɗaruruwan kilo daga Legas, tafiyar fiye da kilomita 700. Kilam da turaku kuma dabam ake sayar da su, sau da yawa kuɗinsu kan tasam ma na teburin.

Wuta ma na cikin lissafi. Jihar Neja ce ke da madatsun Kainji, Jebba, Shiroro da Zungeru, amma mai walda a Suleja bai daina dogaro da janareta ba. An cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, a watan Afrilun 2024 kuma aka ɗaga kuɗin wutar masu Rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, zuwa Naira 225 kan kowane yunit. Duk awar da aka ɓata ana yanke walda ana sake ta, kuɗi ne ke ƙonewa. Wannan hujja ce ta samun teburi madaidaici, ko wace hanya aka bi.

Mutane da yawa kan nufi kasuwar gwangwan don neman tsohon filet, kamar Tsohuwar Panteka ta Kaduna da takwarorinta na Abuja. Ana dacewa da ƙarfe mai kauri da araha, amma sai an tafi da igiya da miƙaƙƙen ƙarfe an gwada shimfiɗarsa. Sai kuma an san asalinsa. A watan Janairun 2025 hukumomin Abuja sun rufe kasuwannin panteka na ɗan lokaci bayan yawaitar satar murafun magudanun ruwa, kuma ƙarfen layin dogo ko na turakun wuta na iya jawo wa mai saye tuhuma.

Hanyar tsakiya

Tsakanin ƙerawa daga tushe da sayen gamamme akwai zaɓuɓɓuka da gardamar kan manta da su.

Na farko, a sayi filet mai kyau a haɗa masa ƙafafu a shago, amma a kiyaye kuskuren da ya fi yawa: zuba doguwar walda tsakanin faifan da firam. Zafin zai banƙare faifan. Abin da ya fi shi ne a ɗaure shi da kusoshi masu noti, a cusa siraran ƙarafa a inda ya lotsa har ya daidaita, ko a yi gajerun ɗigo a warwatse. A sa haƙarƙari a ƙarƙashi, a bar bakin faifan ya zarce firam da santimita 5 zuwa 8 don kilam ya sami wurin kamawa, a kuma sa wa kowace ƙafa babban noti da za a riƙa murɗawa ana daidaita ta da ƙasa.

Na biyu, teburi mai sanduna: maimakon faifai ɗaya, a jera faffaɗan sandunan ƙarfe da 'yar tazara tsakaninsu. Kilam na shiga ko'ina, kowace sanda ana daidaita ta ita kaɗai, wadda ta lalace a sauya ta.

Na uku, a kai filet wurin masu injin yanka da kwamfuta ke sarrafawa su fitar da ramukan, a dawo a haɗa sauran a gida. Na huɗu, ga masu manyan get, jakunan ƙarfe, wato mazaunai masu ƙafafu, biyu ko uku da aka daidaita tsayinsu da ma'aunin ruwa, aka ɗora musu miƙaƙƙun bim, sun fi kowane teburi amfani. Ga aikin da ake maimaitawa kuma akwai jig, wato ƙwarangwal da ake yi musamman don siffa ɗaya, a riƙa jefa ƙarfe a ciki ana ɗigawa.

Batun lafiya

Tashi daga tsugune na rage ciwon baya da gwiwa, yana kuma ba mai aiki damar kawar da fuskarsa daga hayaƙi. A 2017 hukumar binciken cutar daji ta duniya, IARC, ta sanya hayaƙin walda cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar. Don haka bai kamata a yi saman teburi da ƙarfe mai rufin zinki ba, irin na kwanon rufi, domin hayaƙinsa na sa zazzaɓi. Ba a kuma shafa wa saman fenti, saboda yana tare wuta kuma yana ƙonewa.

Daminar Suleja doguwa ce, daga wajajen Afrilu zuwa Oktoba. Jiƙaƙƙiyar ƙasa da wayar at da aka yi wa ƙari da guntayen rodi haɗari ne, tunda injin walda kan riƙe bolt 50 zuwa 80 ko da ba a fara aiki ba. Teburin ƙarfe na son waya mai kyau a maƙale daram, da busasshen katako ko roba a inda ake tsayawa, da rumfa da ɗan shafen mai don tsatsa. Katako ko jarkar fetur ba su da wuri a ƙarƙashinsa.

Wa ya dace da wanne?

Amsar tana ga irin aikin da ke shigowa shago. Mai gyare-gyare da ƙananan ayyuka, benci mai filet na milimita 6 da haƙarƙari ya wadatar da shi, kuma babu dalilin da zai sa ya saya. Mai ƙofofi da tagogi da kujerun makaranta zai fi cin riba da teburi mai milimita 8 zuwa 12 da ya haɗa da kansa cikin natsuwa, haɗe da jig na kayan da ya fi yi. Mai manyan get ya fi buƙatar gyaran daɓe da jakunan ƙarfe.

Teburi mai ramuka na kamfani yana biyan kansa ne a inda ake yin abu ɗaya ɗaruruwa, ko ake haɗa sassan injina kamar na niƙa da na casa, ko inda mai kwangila ke zuwa da takardar awo yana mayar da abin da ya kauce. Hanyar gane hakan ita ce mai shago ya ƙirga awannin da yake ɓatawa a wata wajen awo da sake aiki, ya haɗa da elektirod da man da suka tafi a banza, ya ga wata nawa za su kai kuɗin teburin da kayan ɗaurinsa.

Idan gine-ginen rukunin gidaje suka ci gaba da matsowa ta hanyar Zuba da Madalla, ana iya ganin shagunan Suleja sun rabu biyu: masu aikin ɗaiɗai da za su ci gaba da benci da daɓe, da masu neman kwangila da za su zuba jari a shimfiɗa da jig. Akwai kuma kasuwar da ba a cika ba tukuna. Shagon da ya mallaki injin huji mai maganaɗisu da ma'auni mai kyau zai iya ƙera wa maƙwabtansa teburi mai ramuka da filet ɗin Dei-Dei, a biya shi da Naira, a kuma kai kayan da 'yar ƙurƙura maimakon tirela daga Legas.